Waɗanda suka je ziyarar Asabar, ku ba mu labari

Shugaban zumuntar matasa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Baba Fasto ya ce kada ziyarar nan ta ƙare a cikin mota, kowa ya faɗi abin da ya gani domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Da safe mun bi ta Kwannawa zuwa Amanawa wajen masu fama da kuturta, da la'asar kuma muka je wajen 'yan gudun hijira daga garuruwan Isa da Sabon Birni da ke zaune cikin kangaye a bayan garin Sakkwato. Kafin mu tashi na karanta muku alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022: mutum miliyan 133 ke cikin talauci a Najeriya, kuma Sakkwato ce kan gaba da kashi 91 cikin ɗari. Na faɗe shi kamar karatun jarrabawa. Sai da na ga mata huɗu suna jiran tukunya ɗaya kafin lissafin ya shige ni.

Wata 'yar'uwa daga Mabera:
Ni Amanawa ce ta tsaya mini a rai. Da wata Inna ta miƙo hannu mu gaisa, sai na ɗan ja baya. Ta lura, ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyata, na warke tun ba a haife ki ba." Kunya ta rufe ni. Wani ma'aikacin lafiya ya yi mana bayani cewa kuturta tana warkewa da maganin wata 6 zuwa 12, ana ba da shi kyauta, kuma wanda ya fara sha ba ya yaɗa ta. Yatsun da suka gutsure tabon jinkirin zuwa asibiti ne. To me ya hana Inna komawa garinsu? Danginta ne ba sa son cin tuwo kwano ɗaya da ita. Na zauna kan tabarmarta har aka kira mu mota. Ban ma san 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) ne suka kafa wurin tun zamanin Turawa ba sai ranar.

Mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa:
Ku yi haƙuri zan faɗi wadda ba ta yi mini daɗi ba. Wajen rabon shinkafa da sabulu, wasunmu sun fito da waya suna ɗaukar hoto. Na ga wani magidanci ya juya fuska bango. Mutumin da a garinsu yake da rumbu da shanun noma, yau yaro sa'ar ɗansa na ɗaukarsa yana karɓar mudu biyu. Don Allah wanda ya sa a Facebook ya cire.

Wata malamar makarantar Lahadi:
Ni ce ɗaya daga cikinsu, na goge. Na gode da ka faɗa.

Wani ɗalibin jami'a:
Na zauna da wani dattijo daga wajen Sabon Birni kusan awa guda. Na tambaye shi, "Baba, me kuka fi buƙata?" Ina tsammanin zai ce abinci ko bargo. Sai ya ce, "Ɗana, mu ba mu saba roƙo ba. Gero munka bari a gona. A sama muna zaman lahiya mu koma." Ya ce 'yan bindiga sun sa musu haraji kafin shuka, suka biya, lokacin girbi aka sake sa wani, da suka kasa sai suka fito cikin dare.

Tun daga nan nake ta juya maganar. Buhun da muka kai zai ƙare cikin kwana nawa? Ba lalaci ya talauta mutanen nan ba, ƙwace aka yi musu. Annabi Amos bai tsaya ga sadaka ba, ya nemi shari'ar gaskiya ta gudana kamar ruwa. Ina ganin ya kamata mu rubuta wa wakilanmu na majalisa, mu da matasan unguwa Musulmi, tunda ciwon ɗaya ne.

Ma'ajiyar zumunta:
Yaya, na yarda da wasiƙar, amma kada mu raina buhun. Yarinyar da na goya tana da tamowa, gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura. Ba za ta iya jiran majalisa ba. Mun nuna wa mahaifiyarta inda ake gwada yara, kuma zan koma ranar Talata in raka ta. Abin da ya ba ni mamaki, duk halin da suke ciki, sai da suka dama mana kunu. Kusan dukkansu Musulmi ne, sun san daga coci muke, limaminsu ma ya sa mana albarka har bakin mota.

Shugaban zumuntar matasa:
To, an ji. Ranar Lahadi bayan sujada kowa ya tsaya. Ɗalibinmu ya zo da daftarin wasiƙa, malama kuma ta zo da sunayen yaran da ba sa zuwa makaranta, mu ga ko baikon wata mai zuwa zai kai ga littattafai da takalma. Wa ke da babur da zai kai ma'ajiya ranar Talata?