Neman kalmar Hausa: me za mu kira CIO na hukumar ilimi?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara sanarwar ɗaukar ma'aikaci ta wata hukumar ilimi ta gwamnati, gobe ƙarfe 10 na safe za a karɓa. Muƙamin CIO ne, wato Chief Information Officer a Turanci. Na rubuta Babban Jami'in Yaɗa Labarai, amma raina bai kwanta ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Goge shi, Malam. Jami'in yaɗa labarai da 'yan jarida yake hulɗa. Wannan kuwa shi ke riƙe da rumbun bayanan ɗalibai da malamai, shi ke tsara kasafin kwamfutoci da manhajoji, shi ke yanke wa zai iya buɗe sakamakon jarrabawa, wa zai iya gyara shi. In sabar rajista, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan rajista, ta faɗi ranar rufewa, aka tarar ba a ajiye kwafin bayanan a wani wuri dabam ba, shi za a tuhuma. Ni dai Babban Jami'in Fasahar Sadarwa.

Malama: Injiniya, sadarwa ta fi jan hankali ga waya da intanet. Ina bayanan? A Amurka, dokar 1996 da ta wajabta wa ma'aikatun tarayya naɗa CIO, kula da bayanai da sayen kayan fasaha ta ɗora masa. A ƙara "da Bayanai".

Dattijo: Jami'i Larabci, darakta Turanci. Muna da tamu: Ma'ajin Bayanai. Kalma biyu, kowa ya san ma'aji.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ma'aji ajiya yake yi. Mai kula da rumbun bayanai wani ma'aikaci ne a ƙarƙashin CIO, haka ma mai tsaron bayanai. Shi CIO shugaba ne, da shugaban hukuma yake zama, ya duba kwangila kafin a sa hannu: wa ke da mallakar bayanan yara in kwangila ta ƙare, a wace ƙasa sabar take.

Dattijo: To ai ma'ajin sarki ma da sarki yake zama. Ku dai duk abin da bai yi kama da na Turawa ba, raina shi kuke yi.

Malama: Baba, bayani ma daga Larabci muka aro shi, ya zama namu tuntuni. Ba raini ba ne.

Dattijo: Kalma shida a kan muƙami ɗaya, wane mai gabatar da labarai ne zai furta ta ba tare da ya ja numfashi ba?

Mai fassara: Lokaci ya ƙure mini. Zan sa Babban Jami'in Fasahar Sadarwa da Bayanai a karon farko, daga nan Babban Jami'in kawai. Ma'ajin Bayanai kuwa zan ba mai kula da rumbun, yana cikin sanarwar.

Dattijo: Ba wanda na raɗa wa sunan ba ke nan, amma a sa.

Injiniya: In CTO, wato Chief Technology Officer, ya fito a shafi na gaba, a dawo, don shi ma fasaha za a ce.