Kwana uku a Kiyoto da Nara: waɗanne wurare ya kamata mu fifita?

Maman Ikram

Assalamu alaikum, jama'a. Maigidana zai halarci wani taro a birnin Osaka na ƙasar Japan a ƙarshen watan Nuwamba, kuma mun shirya in raka shi tare da mahaifiyata, sannan mu ƙara kwana uku domin mu ga Kiyoto da Nara. Na duba jerin wuraren tarihi har kaina ya ɗaure, domin ko waɗanda hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya a jerinta a Kiyoto da kewaye a 1994 sun kai 17. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa: ta yaya ake bambance wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, da haikalin addinin Buda, shin ana tilasta wa baƙo yin wani abu na ibadarsu kafin ya shiga, kuma waɗanne wurare ne za su dace da dattijuwa mai ciwon gwiwa?

Ɗalibin Osaka

Wa alaikumus salam, Anti. Allah Ya kawo ku lafiya, Ya ba Hajiya sauƙi. Bambancewa ba ta da wuya da zarar ido ya saba. Wurin bautar Shinto ana gane shi da ƙofar da suke kira torii, wato ginshiƙai biyu da aka gicciya wa itace a sama, galibi masu launin ja, kuma sunansa yakan ƙare da jinja, taisha ko jingu. Shi kuwa haikalin Buda, sunansa yakan ƙare da ji ko dera, za ki ga babbar ƙararrawa da mutum-mutumin Buda, kuma za ki ji ƙamshin turaren wuta tun daga farfajiya. Kada ki yi mamaki idan kika ga ƙaramin wurin Shinto a cikin harabar haikali, domin addinan biyu sun shafe ƙarnoni a cakuɗe kafin gwamnati ta raba su da doka a 1868.

Game da ibada, a duk zuwan da na yi ba a taɓa neman in rusuna, in tafa hannu, ko in jefa kuɗi a akwatin baiko ba. Masu bauta suna wanke hannu a bakin ƙofa, su je gaba su yi abin da ya kawo su, mai kallo kuma ya tsaya a gefe. Abin da ake bukata daga gare mu shi ne mu sassauta murya, kada mu tare musu hanya, kuma mu bar ɗaukar hoto inda aka hana. Hukuncin shiga irin waɗannan wurare kuwa, wannan tambaya ce da ya kamata a kai wa malami kafin tafiya, domin zuciya ta natsu.

Shawarata ita ce ku fara da Fushimi Inari, wani wurin bautar Shinto, da sassafe. Minti biyar ne kacal a jirgin ƙasa daga tashar Kiyoto, ba a biyan kuɗin shiga, kuma ba a rufe shi dare da rana. An kafa shi a 711, kuma dubban jajayen ƙofofin da suka yi jerin gwano a kan dutsen 'yan kasuwa da kamfanoni ne suka bayar da su, shi ya sa za ki ga sunaye a rubuce a bayan kowace. Kaiwa ƙololuwar dutsen, mai tsayin mita 233, da dawowa yana cin awa biyu zuwa uku a kan matakala, to amma sashen da ƙofofin suka fi cunkushewa yana kusa da gindi, don haka Hajiya za ta ga mafi kyawun wurin ba tare da ta wahalar da gwiwarta ba. Idan kuka kai ƙarfe tara ba ku isa ba, bayan mutane kawai za ku riƙa kallo. Daga can tasha ɗaya ce zuwa Tofuku-ji, wanda ya yi suna wajen jan ganyen kaka, kuma lokacin naku ya dace da shi sosai.

Malamin Tarihi

'Yar uwa, yaron nan ya yi bayani mai kyau, Allah Ya yi masa albarka. Ni dai roƙona shi ne kada ku mayar da Nara wurin leƙawa na rabin yini, kamar yadda masu yawon rukuni suke yi. Nara ce babban birnin ƙasar daga 710 zuwa 784, kafin a koma Kiyoto a 794, inda fadar sarki ta zauna fiye da shekara dubu. Wanda ya fara ganin Nara zai fi fahimtar abin da ya gani a Kiyoto. A Todai-ji akwai mutum-mutumin Buda na tagulla mai tsayin kusan mita 15, wanda aka ƙaddamar a 752. Ginin katakon da yake cikinsa a yau na 1709 ne, domin gobarar yaƙi ta cinye na baya har sau biyu, kuma duk girman da za ki gani bai kai faɗin na asali ba. Na daɗe a tsaye a gabansa ina tunanin yawan itacen da aka sara da yawan hannayen da suka ɗaga shi ba tare da injin zamani ba. Daga nan hanya ta ratsa cikin itatuwa zuwa Kasuga Taisha, wanda aka kafa a 768, mai fitilun dutse da na tagulla kusan 3,000.

A Kiyoto kuwa, ra'ayina ya saɓa da na mutane da yawa game da Kinkaku-ji, haikalin nan da aka lulluɓe bangon benayensa da zinariya. Yana da kyau, babu shakka, amma ginin na 1955 ne, bayan wani matashin almajirin haikalin ya cinna wa na asali wuta a 1950, ba a shiga cikinsa, kuma cunkoso zai tura ki gaba kafin ki ƙoshi da kallo. Na fi son Ryoan-ji da ke kusa da shi, inda ake zama a baranda a kalli duwatsu 15 a cikin farar tsakuwa, waɗanda aka jera ta yadda ba a ganinsu duka a lokaci guda. Zama ake yi a can, kuma wannan zai yi wa Hajiya daɗi.

Inna Mai Tafiya

Maman Ikram, ki bar Kiyomizu-dera idan Hajiya za ta bi ku. Dandamalinsa na katako, mai tsayin kusan mita 13 da aka haɗa babu ƙusa, abin kallo ne, amma hanyar zuwa hawa ce mai tsawo cike da jama'a, kuma ni kaina sai da na huta sau biyu. Ku sa takalma masu sauƙin cirewa da safa mai kauri, domin ana cire takalmi a ɗakunan haikalai da dama, kuma katakon yana da sanyi a Nuwamba. Ku riƙe tsabar kuɗin yen, saboda wasu wuraren ba sa karɓar kati. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, yawancin haikalai kuma suna rufewa a daidai lokacin, don haka wuri biyu ko uku sun isa a yini.

Bareyin dandalin Nara sun haura dubu, kuma ba sa tsoron mutum. Ɗaya ta fizge taswirar da ke hannuna ta tauna, saboda haka a ɓoye takarda da leda, kuma kada a ba su komai sai biskit ɗin da ake sayarwa dominsu. Mazan sukan yi faɗa a lokacin kaka, kada Hajiya ta riƙe abincin da kanta.

Maman Ikram

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mun tsayar da Nara a rana ta farko, Fushimi Inari da Tofuku-ji a ta biyu, Ryoan-ji kuma a ta uku. Inna, daga tashar jirgin Nara zuwa Todai-ji, Hajiya za ta iya takawa ko gara mu ɗauki tasi?