Tsofaffin hotunan kakarmu da jikokinta

Daga Ƙofar Marusa, Katsina:
Assalamu alaikum. Mun tarar da tsofaffin hotuna a adakar kakarmu, wasu har sun koɗe, kuma ina so jikoki su zauna da ita ta faɗa musu waɗanda ke ciki. Yaya zan tsara zaman ba tare da ta gaji ba?

Daga Ƙofar Sauri:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki zaɓi bayan la'asar, kada ki wuce hoto uku, kuma ki bar yaran su yi tambayoyin. A gidanmu hoton hawan sallah guda ɗaya, na zamanin Sarki Usman Nagogo wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya cinye mana yamma sukutum, domin Baba ya tsaya yana bayyana wa yara lifidi da kwalkwali, har ya gano ƙaninsa riƙe da linzami.

Daga Daura:
Manyan yaran su rubuta sunayen a bayan hoton da fensir, domin tawadar biro takan ɓata shi, sannan a ɗauke shi da waya.

Daga Ƙofar Ƙaura:
Ki fara nuna wa Hajiya hotunan ita kaɗai. Mahaifiyata ta ga hoton marigayiya yayarta a gaban jikoki ba shiri, ranar kasa magana ta yi.