Yankari: yadda kuɗin baƙi zai kwana a ƙauyukan Alkaleri

Masu harkar karɓar baƙi da suka tattauna kan gandun namun daji na Yankari sun fi daɗewa a kan abu ɗaya: baƙo na zuwa, amma kuɗinsa ba ya zama a yankin. Daga Bauchi yake sayo mai, ruwa da abinci, ya yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, ya juya.

Shawararsu, masaukai su ƙulla yarjejeniya da manoman kusa kan ƙwai, kaji, tumatir da nono, a rubuta adadin kowane mako da ranar biya. Bashi ne ke kashe irin wannan ciniki. Manomi ba zai jira wata biyu ba, kasuwa zai koma.

Sun ce a raba shekara biyu. Da rani dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji, lokacin ake samu. Da damina ciyawa kan rufe ido, baƙi su ja baya, sai a yi gyaran ɗakuna da horar da 'yan rakiya daga cikin samarin ƙauyukan.

An kuma taɓo giwaye. In suka tattake gona ba a biya diyya ba, mai gonar ko ya ga mafarauci zai shiga gandun, bakinsa alaikum.