Yaushe Ya Kamata A Kulle Kuɗin Ruwan Bashin Gida A Amurka?

Da muka tattauna da waɗanda suka taɓa sayen gida da bashin banki a Amurka, kusan bakinsu ya zo ɗaya: da zarar mai gida ya amince da tayinka, an kuma sa ranar kammala ciniki, ka kulle. Wato banki ya riƙe maka farashin ruwan bashin ba tare da ya sauya ba, galibi na kwana 30, 45 ko 60. Zaɓi wa'adin da ya zarce ranar da 'yan kwanaki, domin takardu kan yi jinkiri, ƙarin wa'adi kuma sai da kuɗi.

An fi daɗewa kan masu jiran Babban Bankin Amurka ya rage ruwa. A Satumbar 2024 ya rage, amma ruwan bashin gida sai ya hau bayan haka, saboda ya fi bin takardun lamunin gwamnati na shekara 10. Ni dai wannan jiran yana ba ni tsoro. A bashin dala 300,000 na shekara 30, tashi daga kashi 6.5 zuwa 7 ƙarin kusan dala 100 ne duk wata, kuɗin cefane ke nan.

Tambayi banki ko zai sauke maka idan kasuwa ta faɗi bayan kullewa, kuma a rubuce. Kada ka ci sabon bashin mota kafin a kammala, yana iya sauya farashin. Masu gudun riba da suka bi tsarin musharaka (haɗa hannun jari da kamfanin kuɗi wajen mallakar gidan) sun ce su ma farashinsu kasuwa yake bi.