Neman shawara: aikin sa kai a sashen yara na gidan tarihi

Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce, na karɓi aikin sa kai ranakun Asabar a wani gidan tarihi. An ba ni teburin da yara ke da izinin taɓa kaya: kalangu, mazari da auduga, kuɗin wuri, ƙaramin dutsen niƙa, akushi. Ina shirya bayani tun daga gida, amma ko minti biyu ban yi ba sai su watse. Duk kalangun suke so, har da kuka. Iyaye kuwa sai su nemi benci su hau waya, su bar min yara. Ga kuma tambayoyin da yaran ke yi min waɗanda ban san amsarsu ba. Don Allah masu ƙwarewa ku taimaka, na fara tunanin ajiye aikin.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. 'Yata, bayanin nan da kike haddacewa shi ne matsalar. Yaro bai zo lacca ba. Miƙa masa wuri ki tambaye shi, "Me kake jin ake yi da wannan?" Bar shi ya yi ta canka. In ya gaji ki ce da shi kakanninsa ke cefane a Kasuwar Kurmi. Daga nan shi zai bi ki da tambaya. Na koyar a firamare har na yi ritaya, ban ga yaron da ya ƙi labari ba. Misali a gidan tarihi na Gidan Makama da ke Kano, in ka ce an gina shi a ƙarni na 15 babu mai sauraronka. Amma ka ce nan Muhammadu Rumfa ya zauna yana Makama kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463, ka ce su nemo inda suke jin yake kwana, sai ka ga ido ya buɗe.

Maman Hanif: Ni uwa ce, bari in ɗan kare mu. Ba lalaci ba ne kullum, muna ɗauka wurin na yara ne, kar mu shiga miki aiki. Ki gayyace mu mana. Ki miƙa wa uwa mazari ki ce, "Hajiya, ko za ki nuna musu yadda ake kaɗi?" In akwai kaka a cikinsu ai kin huta, ta fi ki sanin abin nesa ba kusa ba, kuma jikokin ba za su manta ba.

Abba: Batun kalangu, ki ɓoye shi sai ƙarshe. Shi ke nan.

Anti Larai: Abba, ban yarda ba. In ta ɓoye, wanda ya gan shi makon jiya zai tayar da rigima. Ki sa su layi, kowa ya buga sau biyar, sauran su ƙirga masa da ƙarfi. Ki nuna musu yadda matse tsirkiyar a hammata ke sauya sautin, wannan kaɗai wasa ne. Tambayar da ba ki sani ba kuwa, ki ce "mu je mu tambayi jami'in gidan" ku tafi tare.

Sai abin da ba wanda ya ambata. Kada ki keɓe da yaro ke kaɗai, ko banɗaki zai je a kira mai shi. Kada ki ɗauki hotonsu ki ɗora a Facebook ba da izinin iyaye ba. Kuma wuri ƙanana ne, 'yan ƙasa da shekara uku baki suke kai komai, ki ƙirga su kafin da bayan kowane rukuni.

Dauda daga Jos: Ki tanadi gajerun labarai biyu ko uku. Nawa da ba ya faɗuwa shi ne na kan mutum-mutumin yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok da wani ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye, kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihin Jos a 1952. Sai ki ba su yumɓu kowa ya ƙera nasa kan. Ki dai nemi izinin hukumar gidan tukuna, yumɓu yana ɓata wuri.

Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da na Maman Hanif wannan Asabar ɗin. Anti Larai, in 'yan makaranta suka zo su arba'in a lokaci guda fa, layin zai yiwu?

Anti Larai: Ba zai yiwu ba. Raba su gida huɗu, malamansu su riƙe uku suna zagaya sauran ɗakunan, ke ki ɗauki goma goma. Ki faɗa wa malaman tun a bakin ƙofa, kafin su zauna.