Shawarwari kan daren kacici-kacici na tarihin Kumasi

Hajiya (Aboabo): Salamu alaikum 'yan zaure. Muna son shirya daren kacici-kacici na tarihin Kumasi ta intanet. Abin da aka tara za mu saya wa yaran makarantun zango tikitin shiga gidan tarihi na fadar Manhyia, fadar sarkin Asante. Masu sani, ku taimaka da shawara.

Malam (Asawase): Wa alaikumus salam, Hajiya. Aikin duka yana wajen tambayoyi, kowace amsarta ta zama ɗaya tak. In kuka ce "yaushe aka kai Prempeh na ɗaya tsibiran Seshel?", gardama za ta tashi. A 1896 Turawan Ingila suka kama wannan sarkin Asante, amma sai da aka tsare shi a Elmina da Saliyo, a 1900 aka wuce da shi can. Ku tambayi shekarar dawowarsa, 1924, wannan ba mai musu. Haka tsohon gidan sarki na Manhyia: an gina shi a 1925, ya zama gidan tarihi a 1995, to ku fayyace wacce kuke nufi. Kada kuma a ce Prempeh kawai, don na biyun ma a gidan ya zauna.

Alhaji (Alabar): Zoom na kyauta minti 40 yake yankewa, mutum 100 yake ɗauka. Ko ku biya na wata ɗaya, ko ku raba zagaye uku, tambaya goma-goma. A fara bayan Isha'i, ƙarfe takwas, lokacin 'yan'uwa na New York suna yamma. Mai gabatarwa ya tanadi layin waya biyu da kwamfuta cike da caji saboda dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki.

Hajiya (Aboabo): Alhaji, masu leƙa amsa a Google fa?

Alhaji (Alabar): Daƙiƙa 20 kowace tambaya. A karanta ta da baki, kar a rubuta a allo, sai mai kwafa ya rasa abin kwafa. Amsa ta fom na intanet, a rufe shi da ƙarewar zagaye.

Malam (Asawase): Zagaye ɗaya ya zama namu, Hajiya, wannan na dage a kai. Fataucin goro daga Asante ta Salaga zuwa Kano, yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya watsa 'yan kasuwa, malamin nan Alhaji Umaru na Kete Krachi da ya rasu a 1934. Yaranmu sun san sarauniya Yaa Asantewaa ta Ejisu da yaƙin 1900, amma hanyar da kakanninsu suka biyo ba su san ta ba. Batun sojojin Hausa da suka taya Turawa yaƙar Asante a 1874 gaskiya ne, sai dai a faɗe shi da ladabi, maƙwabtanmu Asante za su shigo.

Anti (Tafo): Maganar kuɗi. Lambar MoMo (tura kuɗi ta waya) ɗaya, mutum biyu su riƙa duba ta, mai biya ya sa sunan ƙungiyarsa. A rufe karɓa kwana ɗaya kafin daren, in ba haka ba ana wasa ana neman wanda ya biya. Washegari a sa lissafin a zaure.

Alhaji (Alabar): Ku rubuta wa hukumar gidan tarihin kafin ku sa sunan Manhyia a talla, ku nemi izinin hotuna. A wasiƙar ku tambayi farashin ɗalibai da ranar da za su iya karɓar yara da yawa.

Hajiya (Aboabo): Allah ya saka da alheri. Malam, tambayoyi 30 a hannunku, wani malamin ya sake duba su kafin Juma'a. Wasiƙa ni zan kai.